Kundin aiki: faifan Islamiyyarmu da zai tashi a kowace kwamfuta

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

Yau na fara aikin da Malam ya daɗe yana yi mini magana a kansa. Islamiyyar unguwarmu a nan Agege kwamfuta ɗaya gare ta, tsohuwa ta tebur, kuma komai yana cikinta: sunayen ɗalibai, lissafin kuɗin wata, takardun jarrabawa na Hausa da na Larabci. A watan jiya rufin ofis ya yi yoyo, ruwa ya riƙa ɗiga dab da bayanta. Ba ta jiƙe ba, amma tun ranar hankalin Malam bai kwanta ba. Ya ce mini, "Injiniya, ka nema mana dabarar da in wannan ta mutu, aikinmu ba zai bi ta ba."

Kwafe fayiloli a filashi ba zai wadatar ba. Mun taɓa gwadawa. Ka kai takardar jarrabawa wata kwamfutar, sai ka tarar babu yadda za a buga ƙ da ɗ da ɓ, rubutun Larabcin kuma ya wargaje saboda babu irin haruffan da aka tsara shi da su. Abin da nake so shi ne a ɗauki ofishin gaba ɗaya a saka a aljihu: Linux da LibreOffice da madannin Hausa da haruffan Larabci da fayilolin, duk a faifai ɗaya na waje. Duk kwamfutar da aka samu, a soka, a kunna, a ci gaba da aiki.

Na je Computer Village a Ikeja da safe, na sayo faifan SSD mai gigabayit 256 da kes ɗinsa na USB, kebul ɗin yana ciki. Kwamfuta uku zan gwada shi a kai: laftof ɗina na shago, laftof ɗin ƙanwata mai Windows 11, da tsohuwar ta Islamiyya. Sharaɗi biyu na gindaya wa kaina. Ya tashi a duka ukun. Sannan idan aka zare shi, kwamfutar ta koma kamar ba a taɓa soka mata komai ba, don yawancin lokaci ta aro ce, kuma kayan aro amana ne.

Bayan la'asar na ɗora Debian 12, wani nau'in Linux, daga filashi. Na yanka faifan gida biyu a tsarin GPT: ƙaramin yanki na megabayit 512 a FAT32 don EFI, inda fayilolin tayar da inji ke zama, sauran kuma ext4. Girkawa ta ƙare lafiya, na sake kunnawa, jerin zaɓin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ya fito, Debian ya tashi. Na saita madannin Hausa, na buga "ƙwarai, ɗalibai, ɓangare" don in gani da idona. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 7 ga Yuli

Da safe na zare faifan don in rubuta wa wani kwastoma rasit a Windows. Na kunna laftof, sai baƙin allo, da ɗan rubutu a sama, a ƙasa kuma grub> yana jira. Babu Windows, babu jerin zaɓi. Na rubuta exit, sai ga Windows ya tashi. To amma kowace kunnawa haka za a yi ke nan, kuma da laftof ɗin wani ne ba nawa ba, da yanzu yana ƙofar shagona.

Na mayar da faifan, na shiga Debian, na buga lsblk, umarnin da ke jera faifai da yankunansu. Abin da na gani ya isa bayani: /boot/efi yana kan nvme0n1p1, faifan cikin laftof ke nan. Yankin EFI da na yanka a faifan waje kuwa fayau yake, ko fayil ɗaya babu. A allon rabon faifai jiya, yankin EFI na ciki yana nan da alamar za a yi amfani da shi, hankalina kuma yana kan na waje, ban cire masa alamar ba. Kuskurena ne.

Bari in rubuta yadda abin yake, don yaran da nake koya wa aiki su ma za su karanta wannan. GRUB shi ne manhajar da ke tayar da Linux: ya nemo kanel, wato zuciyar Linux, ya loda shi, ya miƙa masa ragama. A kwamfutar zamani mai UEFI, wato shirin da ke fara aiki a injin da zarar an kunna, GRUB a rabe yake. Ɓangare ɗaya yana yankin EFI, a foldar EFI/debian. Ɗaya ɓangaren, wanda ke ɗauke da jerin zaɓin, yana /boot/grub a babban yanki. Na farkon yana da wani ɗan fayil mai layi uku kacal, aikinsa ya nemo na biyun da lambar shaidarsa ta UUID. Yanzu kai yana cikin laftof, gangar jiki tana faifan waje. Da faifan a soke, su haɗu, komai lafiya. Da an zare, kai ya nemi jiki ya rasa, ya tsaya a grub>.

Akwai kuma abu na uku da mutane ke mantawa da shi. Allon uwa na kwamfutar yana da nasa ɗan kundin adireshi, NVRAM, inda ake rubuta wa za a fara kira idan an kunna. Na buga efibootmgr -v, na ga debian a sahun farko, Windows Boot Manager a bayansa. Wannan kundin ba a faifai yake ba sam, a jikin injin yake.

Da na ɗauki sukudireba jiya na kwance faifan ciki kafin in fara, da duk wannan bai faru ba. Minti biyar ne. Daga yau haka zan riƙa yi, kuma haka zan koyar.

Talata, 9 ga Yuli

Na jira aka kawo wuta kuma batir ya cika, don ba na so a ɗauke ina tsakiyar taɓa yankin EFI.

Na nemo UUID na yankin EFI na waje da blkid. Na FAT32 gajere ne, harafi takwas da ɗan layi a tsakiya, ba ya rikicewa da dogon na ext4. Na canza shi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗin inda za a ɗora kowane yanki, na sauke tsohon /boot/efi, na ɗora sabon, na sake duba lsblk har sau biyu kafin in buga:

grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --bootloader-id=debian

Ya ce an gama babu kuskure. Daga nan sai share gida. Na ɗora yankin EFI na ciki a wata folda, na kwafe shi gaba ɗaya a filashi tukuna, sannan na goge EFI/debian ita kaɗai. Foldar Microsoft da ke gefenta ban ko buɗe ta ba, a cikinta bootmgfw.efi yake, wanda Windows ke tashi da shi. Na mayar da Windows sahun farko da efibootmgr -o.

Gwaji: babu faifai, Windows ya tashi kai tsaye. Da faifai, na danna F9, maɓallin zaɓen abin da zai tashi, na zaɓi debian, ya tashi. A HP F9 ne maɓallin, a Dell da Lenovo F12. Na kuma rufe os-prober, mai nemo irin su Windows ya sa su a jerin GRUB, a /etc/default/grub, saboda Windows ɗin laftof ɗina ya shiga jerin zaɓin, kuma ba shi da amfani a faifan da zai riƙa yawo.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ranar nan ba ta yi mini daɗi ba.

Na rufe shago da wuri na tafi Idi-Araba, inda ƙanwata ke zaune wajen gwaggonmu. Ruwa ya tsare mu a Oshodi, ban isa ba sai dab da magariba. Bayan salla ta kawo laftof ɗin ta ajiye a kan tabarma. Na soka faifai, na danna F12. Windows ne kaɗai a jerin, sai tashi ta hanyar sadarwa. Na canza ramin USB, na sake kunnawa, haka dai. Ɗan fitilar kes ɗin yana ci, amma injin bai ga abin da zai tayar ba.

A nan na yi gaggawa. Na ce a raina Secure Boot ne, tsarin da ke hana injin tayar da shirin da ba shi da amintaccen sa hannu, na shiga saitin BIOS na kashe shi. Faifan bai fito ba. Na bar shi ya wuce Windows, sai ga shuɗin allo: BitLocker, makullin faifai na Windows, yana neman mabuɗin ceto, lamba 48.

Ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta, ta yi shiru. Can ta ce, "Yaya, furojet ɗina yana ciki. Babi huɗu. Ban kwafe ko'ina ba." Muryarta ta canza. Gwaggo tana daga ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta san me ake ciki ba amma ta ga fuskokinmu, ta ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya, Gwaggo, yanzu zan gyara. Hannuna kuwa ya jiƙe da gumi.

Abin da ya faru a fili yake. Faifan laftof ɗin a kulle yake, mabuɗin kuma yana hannun wani ɗan guntu a allon uwa mai suna TPM. Ba ya sakin mabuɗin sai ya ga hanyar tashi daidai take da wadda ya sani. Kashe Secure Boot ya sauya hanyar, shi kuma ya riƙe. Na koma BIOS, na mayar da Secure Boot yadda na same shi, na adana, na kunna. Tambarin Windows ya fito, ɗigon nan suna ta zagaye, sannan hoton da ke allonta. Ta sauke ajiyar zuciya, ni ma haka.

Ban bar gidan ba sai da ta shiga asusunta na Microsoft ta waya, ta nemo mabuɗin, ta rubuta lambobin a bangon littafinta, na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Furojet ɗin ma mun kwafe shi wuri biyu. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma na san na tsorata ta a banza.

Na ƙara sharaɗi na uku: ba za a taɓa saitin BIOS na kowa ba. In faifan ba zai tashi da Secure Boot a kunne ba, to bai gamu ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Ashe laifin ba na Secure Boot ba ne ko kaɗan. A danfo ina komawa gida daren Alhamis tambayar ta zo mini: filashin da na girka Debian da shi, me ya sa shi yake fitowa a kowace kwamfuta? Ai babu wanda ya rubuta sunansa a NVRAM ɗin kowa.

Na buɗe filashin na duba. Yana da EFI/BOOT/BOOTX64.EFI. Wannan ita ce hanyar da ƙa'idar UEFI ta ware wa faifan da ake sokawa a cire: injin da bai san ka ba, can kaɗai zai leƙa. Nawa faifan EFI/debian kawai gare shi. Ya tashi a laftof ɗina ne saboda adireshinsa yana rubuce a kundin laftof ɗin. Gwajin da na yi ranar Talata ke nan bai gwada komai ba, tunda a gidan da aka san shi na yi.

Ana iya kwafe fayilolin da hannu, amma duk ranar da aka sabunta GRUB, kwafin zai tsaya a tsohon. Sai na bi ta dpkg-reconfigure grub-efi-amd64. Cikin tambayoyinsa biyu ne suka dame ni. A tilasta ƙarin girkawa a hanyar faifan cirewa? E. A riƙa sabunta NVRAM? A'a. Da haka kowace sabuntawa za ta cika EFI/BOOT da kanta, kuma ba za ta rubuta komai a injin da aka ara ba.

BOOTX64.EFI ɗin da ya bayyana a can ainihinsa shim ne, ɗan ƙaramin shiri mai ɗauke da sa hannun Microsoft. Injin ya yarda da shim, shim ya yarda da GRUB na Debian, GRUB ya ɗauko kanel. Tun Debian 10 a 2019 wannan sarƙar take aiki. Na kuma tabbatar babu fbx64.efi a foldar. Aikinsa shi ne ya sake rubuta adireshi a NVRAM idan ya ga babu, abu mai kyau a kwamfutar mutum ta kansa, amma a ta aro sawu ne zai bari.

Don gwajin ya zama na gaske, na goge adireshin debian daga laftof ɗina da efibootmgr. Na danna F9, faifan ya fito da sunan kes ɗinsa, ya tashi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ƙanwata ta zo Agege gaishe da Mama, da laftof a jaka. Ita ta ce, "Yaya, gwada mana, amma ina kallo." F12, faifan ya fito, Debian ya tashi. mokutil --sb-state ya nuna Secure Boot a kunne. Muka zare, Windows ya tashi bai tambayi komai ba. Biyu cikin uku.

Alhamis, 18 ga Yuli

Alhamis da Juma'a babu karatu a Islamiyya, sai Malam ya ba ni mabuɗin ofis. Tsohuwar kwamfutar Core 2 Duo ce, BIOS ɗinta na da ne, ba ta san UEFI ba. Na sa USB a sahun farko, na kunna: baƙin allo da ɗan layi yana ƙyaftawa a kusurwa. Na san za a rina.

Tsohon BIOS ba ya karanta folda ko fayil. Sashen farko na faifai kawai yake ɗauka, bayit 512, ya gudanar da abin da ya tarar. A cikinsu 446 ne na shirin tayarwa, 64 na jadawalin yankuna, biyun ƙarshe kuma hatimi. GRUB ba zai shiga bayit 446 ba, don haka ɗan tsani kawai yake sawa a wurin, mai nuna inda sauran jikinsa yake. A faifai mai tsohon tsarin MBR akwai fili bayan sashen farko da ake cusa sauran. A GPT jadawali ya zauna a wurin, sai an yanka masa yanki na musamman.

Na ɗora grub-pc-bin, fayilolin GRUB na tsohon BIOS, shi kaɗai. Wanda ya ɗora grub-pc cikakke zai kori grub-efi-amd64, aikin mako guda ya rushe. Da na gwada grub-install --target=i386-pc, sai ya ƙi, ya ce wannan GPT ba shi da BIOS Boot Partition, kuma ba zai ci gaba da blocklists ba. Akwai masu ƙara --force su wuce. Ban yi ba, don irin wannan girkin yana iya karyewa duk ranar da fayil ya motsa daga inda yake, ni kuma ba kullum nake kusa ba.

Matsalar ita ce ban bar fili ba ranar da na yanka faifan. Har na fara tunanin rage babban yankin, sai na duba lambobin da kyau. Jadawalin GPT yana ƙarewa a sashe na 33. Yankina na farko ya fara a 2048. Tsakanin 34 da 2047 babu kowa, kilobayit 1007, kuma abin da GRUB zai ajiye bai kai rabin haka ba. Na adana kwafin jadawalin da sgdisk tukuna. A gdisk na shiga sashen ƙwararru na mayar da daidaiton sashe zuwa 1, in ba haka ba ba zai yarda a fara daga 34 ba, na yanka yankin, na ba shi lamba EF02. Ba a yi masa fomat, haka ake barinsa.

Wajen sake buga umarnin ban yi amfani da /dev/sda ko /dev/sdb ba. Waɗannan sunayen suna sauyawa daga inji zuwa inji, har daga kunnawa zuwa kunnawa, kuma harafi ɗaya ya isa ka rubuta a kan faifan mutane. Na bi ta /dev/disk/by-id, inda sunan ya fara da usb, babu ruɗani. Wannan karon ya karɓa.

Na kai ofis, na soka a ramin gaba, na kunna. Jerin GRUB ya fito a tsohon allon nan mai ɗan duhu a gefe. Na zaɓi Debian. Ya ɗan yi rubuce-rubuce, ya tsaya, ya jima, sannan ya ce ya gaji da jiran babban yanki, UUID kaza babu shi, ya ajiye ni a initramfs, ɗan tsarin wucin gadi da kanel ke fara aiki da shi kafin ya samu babban yanki.

Asabar, 20 ga Yuli

Kwana biyu ina zagaye wuri ɗaya. Na sake girka GRUB, ba canji. Na duba initramfs.conf ko an taƙaita direbobi ga laftof ɗina kawai, na tarar MODULES=most ne, daidai yake. Na ƙara rootdelay don a ba faifan lokaci. Na kashe masa UAS, hanyar sauri ta magana da faifan USB, da usb-storage.quirks. Cikin kunnawa goma ya tashi sau uku, kuma ban san wanne cikin canje-canjen ya taimaka ba, ko ma babu. Abin da ke tashi wani lokaci ya ƙi wani lokaci ya fi wanda ya mutu gaba ɗaya wahala.

Litinin, 22 ga Yuli

Na je Ikeja sayen allon wani laftof, na biya ta shagon maigidana, wanda ya koya mini aikin nan tun ina share masa teburi. Na ba shi labari tun daga farko, yana kwance wata kwamfuta bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Jerin ya fito?" Na ce ya fito, Oga. "Ka zaɓa, ya fara rubutu?" Na ce e. Ya ajiye sukudireba ya ce, "To me kake nema wajen GRUB? Ya gama nasa ya tafi. Kawo kebul ɗin in gani."

Na ciro shi daga jaka. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya lanƙwasa wajen kan, ya miƙo mini. Siriri ne, laushi kamar igiyar takalmi. Ya jawo durowa ya ba ni wani gajere mai kauri, bai fi taƙi ɗaya ba. Ya ce, "Kuma a baya za ka soka, ba a gaba ba." Na tambayi kuɗin, ya harare ni, na mayar da hannuna aljihu.

Gaskiyarsa ce, kuma hujjar tana gabana tun ranar Alhamis ban karanta ba. Da yamma na koma ofis, na mayar da tsohon kebul a ramin gaba, na jira ya faɗa initramfs, na buga dmesg, mai nuna saƙonnin kanel. Ga shi nan layi bayan layi: device descriptor read/64, error -71, faifan yana ɓacewa yana dawowa. Lokacin da GRUB ke aiki, BIOS ne ke karanta masa faifan. Da kanel ya karɓi ragama, sai ya sake tayar da ramukan USB da nasa direbobin, a nan ne haɗin ke yankewa. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa a ƙa'ida, na 3.0 kuma 900, shi ya sa laftof biyun ba su nuna komai ba. Ramukan gaba kuma wata siririyar waya ce ke kai su allon uwa, ta bi ta cikin ƙura da zafi shekara da shekaru, na baya kuwa a jikin allon suke.

Na cire rootdelay, na cire quirks, na mayar da komai yadda yake ranar Alhamis, don in san abin da ya yi maganin. Sabon kebul, ramin baya. Na kunna sau goma ina yin alama a takarda. Goma cikin goma.

Laraba, 24 ga Yuli

Ƙanwata ta kira. Tun ranar da muka gwada a laftof ɗinta agogonsa ya koma baya da awa ɗaya, sai da ta ji kiran sallar azahar ta ga allon yana nuna sha biyu da wani abu, ta gyara da hannu. Ga wani sawun da faifan ya bari ban lura ba. Windows yana ajiye lokacin gari a agogon injin, Linux kuma a bisa al'ada UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya, yake ajiyewa, mu kuma a Najeriya muna gaban UTC da awa ɗaya. Da Debian ya samu intanet ya daidaita lokaci, sai ya rubuta UTC a agogon. Na buga timedatectl set-local-rtc 1. Ya yi gargaɗi, amma gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke sauya agogo rani da hunturu, mu ba ma yi. Na gwada a nawa: Debian, intanet, rabin awa, sannan Windows. Agogo daidai.

A ofis kuma an ɗauke wuta cikin dare, da safe kwamfutar ta manta da USB a sahun farko, kwanan wata ya koma shekarun baya. Batirin allon uwa ne ya mutu, CR2032, mai kamar kwabo. Na sa sabo. Wannan kwamfutar tamu ce, kuma da izinin Malam na taɓa saitinta.

Asabar, 27 ga Yuli

Bayan an tashi yara na zauna da Malam da malamar da ke riƙe da rajista. Na kwashe fayilolin daga tsohon faifai zuwa sabon, na bar na asalin a inda suke ban goge ba. Na manna farin tef a bayan kes ɗin na rubuta da biro: HP F9, Dell da Lenovo F12, a soka a baya, kada a zare sai allo ya mutu. Kebul ɗin na ɗaure shi da kes ɗin da roba don kada a musanya shi da na cajin waya.

Malama ce ta fara gwadawa, da hannunta, ni ina tsaye a baya na yi shiru. Ta kashe, ta soka, ta kunna, ta buɗe rajistar aji uku, ta gyara sunan wata yarinya da aka daɗe ana rubutawa da k a maimakon ƙ. Malam ya sa tabarau ya matso ya duba, ya ce, "Yanzu ne aka rubuta sunanta." Sannan ya ɗauki faifan ya auna shi a tafin hannu ya ce, "Injiniya, in wannan ya faɗi a mota fa?"

Na ce, Allah gafarta Malam, abu biyu ne. Aikin ba zai ɓata ba in ana kwafe foldar makaranta a filashi duk ranar Laraba, filashin kuma ya kwana a gidanka, kada ya kwana a ofis. Amma wanda ya tsinci faifan zai iya karanta komai, sunayen yara da lambobin iyayensu, don ban kulle shi ba. Ya ce to a kulle. Zan yi da LUKS, makullin faifai na Linux, kuma a ganina foldar makaranta kaɗai ya kamata a ware wa yanki a kulle, a bar hanyar tashi yadda take tunda ta zauna. Wannan yana buƙatar rage babban yankin, don haka sai na sami wani faifan da zan kwafe komai a kai tukuna.

Saura kuma gwaji ɗaya da ban yi ba: sabunta kanel da GRUB, sannan in sake zagaya kwamfutocin uku. Ɓangaren UEFI zai sabunta kansa, na tsohon BIOS kuwa sai na sake buga grub-install da hannu, na rubuta umarnin a fayil a cikin faifan don kada in dogara da tunani. Na ce wa ƙanwata ta zo da laftof ɗinta ranar Lahadi mai zuwa, Malam kuma ya ce in karɓi mabuɗin ofis ranar Alhamis bayan azahar.